Baƙin Mai a Bayan Kare

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a ƙarshen Nuwamba, akwai abin da ke maimaituwa a gidajen masu hali na Kano da Kaduna da Abuja, har ya kusa zama al'ada. Maigida zai fito da safe zai shiga mota, sai idonsa ya faɗa kan karen da ya saya da kuɗi masu nauyi don gadin gida. Bayan karen, wanda da damina yake sheƙi, yanzu ya yi furu-furu kamar an barbaɗa masa gari, ga shi yana ta susa da ƙafar baya. Maigida ba zai tsaya ba, ofis na jiransa. Zai dai ce da maigadi, "Malam, a san yadda za a yi da karen nan." Kafin azahar maigadi ya dawo daga garejin bakin titi da gorar baƙin mai, wanda aka tsiyayo daga injin wata tsohuwar mota, ya shafe dabbar da shi tun daga wuya har wutsiya. Da yamma maigida ya dawo, bai ga farin gari ko ƙwaya ɗaya ba, hankalinsa ya kwanta.

Mutumin nan yana da digiri, wataƙila ma biyu. Da ɗansa ne kansa ya yi amosani, ba zai taɓa yarda a kusanto shi da man da ya fito daga cikin inji ba. Amma ya bar a yi wa dabbar da ke ƙarƙashin amanarsa, wadda ba ta da bakin kai ƙara. Laifin kuma ba na maigadi ba ne, wanda ya yi abin da ya ga ana yi a ƙauyensu, inda babu likita ko na mutane. Laifin na wanda ke da ilimi da kuɗi da mota ne, ya kuma san hanyar asibiti.

Akwai wani rukunin da ke yi wa masu baƙin mai dariya. Su kan buɗe waya su yi odar sabulun wankan kare daga Ingila ko Amurka, mai ƙamshin alkama da zuma, su yi ta wanke dabbar duk bayan kwana biyu. Sun fi na farko tsafta, amma kuskurensu iri ɗaya ne. Dukansu sun ɗauki amosani a matsayin cutar kanta, suna neman abin da zai ɓatar da shi daga ido. An bar jaki ana dukan taiki.

Amosani, a jikin mutum ko kare ko kyanwa, matacciyar fata ce da ke saɓewa. Fata kullum cikin sabunta kanta take: sababbin ƙwayoyin halitta na tasowa daga ƙasa, su tura tsofaffi sama, su kuma su zube. A lafiyayyen kare wannan zagaye yana ɗaukar kimanin mako uku, kuma abin da ke zubewa ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Idan wani abu ya dami fatar, sai zagayen ya yi sauri, ƙwayoyin su riƙa zubewa a dunƙule tun ba su nuna ba. Shi ne farin garin da ake gani. Wato amosani kamar zazzaɓi yake: yana shaida cewa akwai matsala, amma bai faɗi wace ce ba. Likitan da ya ba mai zazzaɓi ruwan sanyi kawai ya sallame shi, ba tare da ya duba ko cizon sauro ne ko taifod ba, kowa ya san sunan da za a kira shi.

Gaskiya ne hunturu kaɗai yana iya kawo shi. Tsakanin Disamba da Fabrairu danshin iska a ƙasar Hausa kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari da rana, iskar da ke tsaga leɓe da diddigen mutane kuwa ba ta ƙyale dabba ba. Kyanwar da ke kwana a ɗaki mai na'urar sanyaya iska ma tana shan irin wannan bushewa ko da bazara. Bushewar yanayi tana da kamanninta: garin fari ne, siriri, a warwatse ko'ina a baya, gashi bai zube ba, fata ba ta yi ja ba, babu wari, kuma susar ba ta hana dabbar barci ko cin abinci. Wannan ba ya buƙatar wani magani. A riƙa taje gashin da buroshi kullum ko bayan kwana biyu, domin tazar tana baza man da fatar ke fitarwa da kanta. A rage wanka, a ajiye ruwan sha mai tsabta wanda ba ya yankewa, a ba dabbar wurin kwana da ke kāre ta daga iskar asuba da ƙura. Idan cikin mako biyu zuwa uku abin bai ragu ba, to ba hunturu ba ne, an dai ɗora masa laifi ne saboda shi ne a kusa.

Abin da ke ɓuya a bayan hunturu shi ne ainihin abin tsoro, kuma kan gaba shi ne ƙazuwa. Wata 'yar mitsitsiyar halitta ce da ake kira Sarkoptis, wadda macenta ke haƙa rami a cikin fata ta saka ƙwai. Takan fara daga gefen kunne da gwiwar ƙafafun gaba da ciki, inda gashi bai da yawa, ta kawo ɓawo mai kauri da ƙaiƙayin da ke hana kare sakat dare da rana. Likitocin dabbobi suna da wata tsohuwar dabara: su murza gefen kunnen kare da yatsu, idan ƙafar bayansa ta fara susa a iska da kanta, zargin ƙazuwa ya yi ƙarfi. Tana yaɗuwa daga kare zuwa kare cikin sauƙi, kuma tana hawa mutum, ta fito masa da ƙuraje masu ƙaiƙayi a hannu da ciki da ƙirji. A jikin mutum ba ta daɗewa, amma muddin karen na gidan ba a yi masa magani ba, ƙurajen za su yi ta dawowa, ana ta zarya kemis ana sayen man shafawa. Kyanwa ma tana da tata irin, wadda ke kama kai da kunnuwa da fuska har su yi kauri kamar ɓawon itace.

Akwai kuma wata halittar, Keiletiyela, wadda Turawa suka yi wa laƙabi da amosani mai tafiya, domin idan aka zura ido a kan farin garin da ke bayan dabbar za a ga yana motsi. Ita ma tana cizon mutane. Ga ƙuma, wadda miyaunta kaɗai ke sa wasu karnuka su sosa gindin wutsiyarsu har ya yi jini, ga kwarkwata, ga kaska.

Sai makero, wanda ya kamata kowane mai 'ya'ya ya tsaya a kansa. Naman gwari ne ke kawo shi, kuma nau'in da ya fi kama dabbobin gida ya fi son kyanwa, musamman 'yan ƙanana da masu dogon gashi. Wani lokaci yakan fito a sarari, da'ira mara gashi mai ɓawo. Wani lokaci kuwa ba a ganin komai sai ɗan amosani a kunne ko fuska, kyanwar kuma tana ta yawo a kan katifa da darduma da cinyar yara. Ƙwayoyinsa suna iya rayuwa a kan kaya fiye da shekara guda. Adalci dai a ce yawancin makeron da ake gani a kan yaran makaranta daga yaro zuwa yaro yake tafiya, ta hula da mataji da askar wanzami. Amma idan aka kawo 'yar kyanwa gida, bayan mako biyu yara biyu suka fito da da'ira a hannu ko wuya, ba sai an yi dogon bincike ba. Makeron kai a yaro ba ya jin man shafawa kaɗai, sai an sha magani na makonni. Wannan shi ne farashin "ai amosani ne kawai".

A nan masu baƙin mai za su ce, to ai yana aiki, sun gani da idonsu. Ya kamata a saurari wannan hujja, domin ba ƙarya suke yi ba game da abin da suka gani. Kowane irin mai, ko na gyaɗa ne, idan aka shafa shi a kan busasshiyar fata, garin zai manne ya daina bayyana, balle mai baƙi a kan farin gari. Mai kauri kuma yana iya shaƙe wasu daga cikin ƙwarin da ke saman fata. Amma akwai dalili mafi girma. Wata halitta mai suna Demodeks tana zaune a ramin gashin kusan kowane kare tun yana shan nono, ba ta cutar da shi. A wasu 'yan kwikwiyo, kafin garkuwar jikinsu ta yi ƙarfi, sai ta yi yawa, ta zubar da gashi a wuri ɗaya ko biyu, galibi a fuska ko ƙafa. Mafi yawan irin wannan yakan warke da kansa cikin wata ɗaya zuwa biyu, ko an sa magani ko ba a sa ba. Haka ma bushewar hunturu: Maris na zuwa, iska ta juya, fata ta koma daidai. Wanda ya shafa baƙin mai a Janairu ya ga sauƙi a Maris, sai ya ba man lada. Karnukan da man ya ƙone musu fata, ko suka yi ta amai suka rame suka mutu a bayan gida, ba a lissafa su, domin an ce ciwon ne ya yi ƙarfi.

Man da ya gama aiki a cikin inji cike yake da ɓurɓushin ƙarafa masu guba da ragowar ƙonewar fetur, waɗanda aka daɗe da sanin wasunsu na haddasa sankarar fata. Shi ya sa ake gargaɗin makanikai su daina barin sa a hannunsu. Fatar kare kuwa, duk da kaurin gashinsa, ta fi ta mutum rauni: saman fatar mutum yana da hawa 10 zuwa 15 na ƙwayoyin halitta, na kare 3 zuwa 5 ne kacal. Abin da fatar ba ta tsotse ba, harshe zai lashe. Kananzir, wanda wasu ke gaurayawa da man, ya fi muni, domin yana ƙona fata, kuma idan dabbar ta yi amansa ya sarƙe ta, huhu yake shiga.

Kyanwa ta fi kare shiga haɗari nesa ba kusa ba, saboda dalilai biyu. Na farko, tana kwashe babban kaso na lokacin da take farke tana lasar jikinta, don haka duk abin da aka shafa mata tamkar an ba ta ne ta sha. Na biyu, hantarta ba ta da isasshen wani sinadari da hantar mutum da ta kare ke amfani da shi wajen narkar da wasu gubobi. Abin da jikin mutum zai fitar cikin sa'o'i, a jikinta taruwa yake yi. Shi ya sa Dettol da Izal, waɗanda uwargida ke ɗigawa a ruwan wanka da kyakkyawar niyya, suke iya yi mata mummunan lahani. Shi ya sa ƙwayar farasitamol guda ɗaya take iya kashe ta. Haka maganin ƙuma na karnuka mai ɗauke da sinadarin fametirin: ɗigo kaɗan a bayan wuyan kyanwa, sai karkarwa, sai jijjiga, sau da yawa sai mutuwa. Ko kwanciya kusa da karen da aka sa wa shi bai bushe ba ya isa. Garin neman gira a rasa ido.

Ba a ma zo kan fiya-fiya ba. Akwai gidajen da ake zuba Sniper a bokiti a yi wa kare wanka da shi don kashe kaska da ƙuma. Sinadarin da ke cikinsa maganin ƙwarin gona ne, yana ratsa fata ya shiga jini, na dabbar da na mai wankan baki ɗaya. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwanni da manyan kantuna saboda rayukan mutanen da ya ci. Abin da aka ga bai dace ya zauna a kan kanta ba, ta yaya ya dace da fatar dabbar da yara ke runguma?

Allurar ibamektin labarinta daban ne, domin ita magani ce ta gaske, kuma tana kashe ƙazuwa. Matsalar ita ce kwalbar da ake sayarwa a kasuwar dabbobi an haɗa ta ne don sa da raƙumi, mai sayarwar kuma da ido yake auna wa kare mai kilo 20. Bayan haka, wasu jinsunan karnuka, musamman Koli da danginsa, suna da wani naƙasu na gado da ke barin maganin ya shiga ƙwaƙwalwa. Masu bincike a Jami'ar Jihar Washinton ta Amurka ne suka gano ƙwayar gadon a 2001. A yau akwai sababbin magunguna na taunawa, irin su NexGard da Bravecto, da suka fito a 2013 da 2014, waɗanda ke kashe ƙuma da kaska da ƙazuwa gaba ɗaya. Suna da tsada, kuma hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2018 cewa sukan tayar da jijjiga a wasu dabbobi, don haka su ma ba abin saye a ba dabba da ka ba ne.

Sai abinci, wanda shi ne abin da masu karnuka suka fi ƙin ji. Gashi kusan duk furotin ne, fata kuma tana buƙatar wasu nau'o'in kitse da jiki ba ya iya haɗawa da kansa, da kuma sinadarin zink. Karen da abincinsa kullum ƙanzo ne da gayan tuwo da dusa ba ya samun ko ɗaya yadda ya kamata. Dusa da hatsi ma suna ɗauke da wani sinadari da ke ɗaure zink a cikin hanji ya hana jiki tsotsarsa, sakamakon kuwa ɓawo ne a kewayen ido da baki da tafin ƙafa. Babu sabulun da zai wanke wannan. Abin da zai gyara shi nama ne, da kifi, da dafaffen ƙwai, ko abincin karnuka na kamfani mai inganci, kuma sai an yi haƙurin wata ɗaya zuwa biyu kafin a ga canji. Zuba masa ragowar miya ba mafita ba ce, tunda albasa da tafarnuwa suna lalata jan jinin kare da na kyanwa. Ita kyanwa maciyar nama ce zalla. Shinkafa da madara ba abincinta ba ne, komai yadda ta saba. Wadda kuma aka ciyar har ta yi ƙiba, ko ta tsufa gaɓoɓinta suka yi tsami, ba ta iya lanƙwasawa ta lashi bayanta, shi ya sa amosaninta ke taruwa a saman gindin wutsiya. A tsohuwar dabba, busasshiyar fata da zubewar gashi na iya zama alamar ciwon suga ko matsalar maƙoƙo.

Masu sabulun waje kuma fa? Shawarwarin da suke karantawa an rubuta su ne don karen da ke zaune a gida mai na'urar ɗumama ɗaki a Landan ko Toronto, wanda ake ba maganin ƙuma duk wata, kuma abincinsa cikakke ne. A can, idan aka ga amosani, an riga an kawar da rabin dalilan. A Zariya ko Maraɗi ba a kawar da ko ɗaya ba. Yawan wanka kuma, ko da sabulu mai kyau ne, yana wanke man fata ya ƙara bushewa. Wanda ya ɗauki nasa sabulun amosani na kai ya wanke kare da shi bai san cewa fatar mutum mai ɗan tsami ce, ma'auninta wajen 5.5, ta kare kuwa wajen 7 ko sama ba. Omo da sabulun wanki ba a ma maganarsu. Kuma akwai tambayar da ya kamata a yi tun kafin saye: karen Kokeshiya, wanda aka halitta da gashi hawa biyu don dusar ƙanƙarar duwatsu, mene ne haɗinsa da kejin kwano a garin da zafi ke wuce digiri 40 a Afrilu? An sayo shi don girmansa ya tsorata ɓarawo ya kuma burge baƙo, fatarsa ce ke biyan kuɗin.

Za a ce mutane ma ba su samu asibiti ba, ana maganar fatar kare. Amsar ita ce babu wanda aka tilasta wa ajiye kare ko kyanwa. Wanda ya ajiye ya ɗauki nauyi, kuma dokar Final Kod ta Arewa ma ta tanadi hukunci kan azabtar da dabbar gida, ko da yake ba a cika jin an gurfanar da kowa ba. Wasu na fakewa da ƙyamar taɓa kare, alhali a mazhabar Malikiyya da mafi yawan mutanen wannan yanki ke bi, jikin kare mai rai ba najasa ba ne. Wanda kuma ya ƙyamace shi duk da haka, safar hannu ba ta da tsada. Sannan lafiyar dabbar da ta mutanen gidan ba su rabu ba. Karen da bai taɓa ganin likita don fatarsa ba, da wuya a ce an yi masa allurar rigakafin haukan kare, cutar da ke kashe dubban mutane duk shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, da yawansu yara.

Gaskiya ne aikin likitan dabbobi a Arewa an gina shi ne a kan shanu. Cibiyar bincike ta Vom, da aka kafa a 1924, don yaƙi da bushiya aka kafa ta, kuma har yau da yawa na ganin asibitin dabbobi wurin Bafulatani ne da mai kiwon kaji. Amma asibitocin koyarwa na jami'o'in Ahmadu Bello a Zariya, da Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da ta Maiduguri, duk suna duba karnuka da kyanwowi, ga asibitocin gwamnatin jihohi, ga masu zaman kansu a manyan birane. Abin kula kawai shi ne bambanta likita mai rajista da mai shagon magani da ya rataya farar riga.

Gwajin da ake buƙata bai kai a kira shi aiki ba. Likita zai ɗan kankare fatar da bakin aska, ya ɗora abin da ya samu a kan ɗan gilashi tare da ɗigon mai mai tsabta, ya duba a madubin hangen ƙananan halittu. Demodeks nan take ake ganinta, doguwa kamar sigari. Ta ƙazuwa tana da wuyar kamawa, don haka sau da yawa likita kan ba da magani bisa alamu ko da bai gan ta ba. Don makero akan haska gashin da wata fitila ta musamman a ɗaki mai duhu, wasu nau'o'insa su yi ƙyallin kore, ko a tsige 'yan gashi a shuka su a ɗakin gwaji. Sharaɗin duka ɗaya ne: a kawo dabbar yadda take, ba a yi mata wanka ko shafa mata komai ba na 'yan kwanaki. Karen da aka kawo a shafe da baƙin mai sai an fara wanke shi sau biyu ko uku, a yi jinyar ƙunar da man ya yi masa, sannan a ce da maigida ya dawo da shi wani makon, a fara neman abin da ke damunsa tun farko.